Imam Sanusi: Malamin Tilimsan da ya ɗora wa kowane mumini nauyin hujja

A zaurukan karatu na Maiduguri, kamar na Kano da Zariya da Sakkwato, akwai wani ɗan littafi wanda bai wuce 'yan waraƙu ba, da almajiri kan ɗauka idan ya zo karatun tauhidi. Malamai suna kiransa Ummul Barahina, wato uwar hujjoji, wasu kuma su ce Sugura. Wanda ya rubuta shi, Muhammadu ɗan Yusufu Assanusi, a Arewacin Afirka ya yi rayuwarsa duka, kuma ya rasu fiye da shekara 500 da suka wuce. Ba shi ne Muhammadu ɗan Aliyu Assanusi mai ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya ba, wanda aka haifa a 1787. Sunan ne kawai ya haɗa su, kuma mutane da yawa kan rikita su.

An haife shi a Tilimsan, a yammacin Aljeriya ta yau, wajen shekarar 832 bayan Hijira, wato kusan 1428. Sunan Sanusi ya samo shi ne daga ƙabilar Banu Sanus da ke zaune a duwatsun kusa da birnin. A lokacin Tilimsan ce fadar sarakunan Banu Zayyan, gari ne na madarasai da fatake, inda ayarin da ya ƙetaro Sahara yake sauke kaya. Sarautar tana rauni, karatu kuwa yana da ƙarfi.

Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, ya karanta Risala wajen ɗan'uwansa Aliyu Attaluti wanda suke uwa ɗaya. Ilimin gado da hisabi ya ɗauke su wajen Alƙalasadi, masanin lissafin nan na Andalus da ya rasu a 1486. Ya karanta mandiƙi da usulu da falaki, ya karanta Irshadi na Imamul Haramaini Aljuwaini a ilimin kalami. Ya tafi birnin Aljiyas ya ɗauki hadisi wajen Abdurrahman Assa'alibi, ya je Wahran wajen Ibrahim Attazi ya karɓi tarbiyyar sufanci. Littafinsa na farko sharhi ne a kan rabon gado, ya rubuta shi bai cika shekara 20 ba. An ruwaito cewa malaminsa Hasan Abarkan da ya gani sai ya umarce shi da ya ɓoye shi har ya manyanta, don gudun kambun baka.

Mafi yawan abin da aka sani game da halinsa daga almajirinsa Almallali ya fito, wanda ya rubuta tarihinsa, Ahmad Baba na Tumbutu kuma ya taƙaita shi daga baya. Rubutun almajiri ne mai ƙaunar malaminsa, dole a karanta shi da sanin haka. Duk da haka siffar da ta fito a ciki ba ta sauyawa: mutum mai azumin Annabi Dawuda, mai jin zafin a doki dabba a gabansa, mai gudun fada kamar yadda ake gudun wuta. Sarki ya yi masa tayin wani kaso na kuɗin madarasa ya ƙi. Da yana gab da sauke tafsiri, ya tsara zai karanta Ƙulhuwallahu a rana guda, Falaƙi da Nasi washegari, sai ya ji waziri na shirin halartar saukar. Nan take ya haɗa surorin uku ya karanta a rana ɗaya, waziri bai samu zuwa ba. Amma idan talaka ya zo da buƙata wajen masu mulki, yakan ɗauki alƙalami ya rubuta masa takardar ceto, ko da ransa ba ya so.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne jerin littattafan aƙida da ya rubuta hawa-hawa: Kubura, Wusuɗa, Sugura, Sugurar Sugura, da Muƙaddimatu, kowanne kuma ya yi masa sharhi da kansa. Hujjojin da ke ciki ba shi ya ƙirƙire su ba. Gadon mazhabar Ash'ariyya ne, wanda Juwaini da Gazali suka riga suka tace. Gwanintarsa ita ce matse su har su shiga ƙwaƙwalwar yaro, ba tare da sun rasa tsarinsu na mandiƙi ba.

Ummul Barahina ba ta fara da aya ko hadisi ba, kuma wannan da gangan ne, domin wanda bai riga ya yarda da Mai aiko da littafi ba, ba a kafa masa hujja da littafin. Da hankali ta fara. Duk abin da hankali zai yi wa hukunci ɗayan uku ne: wajibi, wanda ba a iya suranta rashinsa, mustahili, wanda ba a iya suranta samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duka suna yiwuwa. A kan waɗannan ya jera siffofi 20 da suka wajaba ga Allah, tun daga samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai da kaɗaitaka, har zuwa iko, nufi, sani, rayuwa, ji, gani da zance, sannan kishiyoyinsu 20 da suka koru gare Shi.

Hujjar samuwar Allah kuwa daga duniya ya ɗauko ta. Babu wani jiki da ke rabuwa da motsi ko tsayawa, kuma ido yana ganin waɗannan halaye suna zuwa suna gushewa, saboda haka fararru ne. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. To, kafin fararre ya samu, samuwarsa da rashinsa daidai suke a wajen hankali, haka lokacin zuwansa, haka girmansa da kamarsa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo da sikeli a Kasuwar Monday ya san cewa idan faranti biyu suna daidai, sai ɗaya ya nutse, ba mai yarda cewa haka kawai ya nutse. Wani abu aka ɗora, ko wani yatsa ya taɓa. Cewa duniya ta samar da kanta daidai yake da cewa farantin yana daidai da ɗan'uwansa kuma ya rinjaye shi a lokaci guda, ba tare da sababi ba.

Sai tambayar da kowane yaro mai wayo yake yi: Shi kuma wa ya samar da Shi? Amsar Sanusi ita ce, da Mai samarwa fararre ne, da Shi ma ya buƙaci wani, daga nan kuma hanya biyu ce kawai, ko jerin ya tafi ba farko, ko ya kewayo inda ya taso. Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Takardar biyan kuɗi da kowane jami'i zai ce sai na sama da shi ya sa hannu, kuma babu na ƙarshe, ba za a taɓa biyan ta ba. Haka wadda jami'ai biyu kowanne ke jiran ɗayan. Tun da duniya ga ta nan an biya, akwai Mai sa hannu wanda ba ya jiran kowa. Da irin wannan tafiya ya tabbatar da kaɗaitaka: da masu iko biyu ne, da nufin ɗaya ya iya tauye na ɗayan, wanda aka tauye kuwa gajiyayye ne, gajiyayye kuma ba ya halitta. A ƙarshe ya nuna cewa duk wannan yana ƙunshe cikin kalmar shahada.

Hujjar tana da masu suka tun kafin a haife shi. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, yana ganin ta yi wa gama-garin mutane zurfi, kuma ba ta kai ƙarfin da masana falsafa ke nema ba. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ce ba ta wannan hanya magabata suka san Ubangijinsu ba. Gaɓar da aka fi taɓawa ita ce tsallakawa daga faruwar kowane motsi ɗaya-ɗaya zuwa cewa jerin motsin gaba ɗaya yana da farko. Sanusi ya san wannan gaɓa, ya kuma tsaya a kanta a manyan littattafansa, amma a Sugura bai buɗe ta ba, kuma almajirai da yawa sun haddace sakamakon ba su taɓa jin gardamar ba. A Turai, Immanuel Kant ya soki irin waɗannan hujjoji a 1781. Ba su mutu ba: a 1979 wani masanin falsafa Kirista ɗan Amurka, William Lane Craig, ya fitar da littafi yana kare hujjar faruwar duniya, har ya bar mata sunanta na Larabci, kalam.

Inda Sanusi ya tsananta shi ne batun taƙlidi, wato mutum ya yi imani don kawai ya ji iyayensa da malamansa suna faɗa. A wurinsa aiki da hankali wajibi ne a kan kowane baligi, kuma ya karkata ga cewa imanin mai koyi tsantsa ba ya isar masa. Dalilinsa ba raini ba ne, tsoro ne: wanda ya karɓi gaskiya don an faɗa masa, zai iya sakin ta ranar da wani mai kaifin baki ya faɗa masa akasinta. Ya kuma bayyana cewa hujjar da ake nema daga kowa ita ce ta dunƙule, warware shubuhohi dalla-dalla aikin malamai ne. Abokin zamaninsa a Tilimsan, Ahmad Ibnu Zakari, bai yarda da tsananin ba, yana ganin imanin mai koyi ingantacce ne.

Mutanen biyu sun sake saɓawa a kan wani al'amari mai nauyi. Lokacin da Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili ya tashi neman a rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat, alƙalin yankin Al'asnuni ya ƙi, aka aika wa malamai neman fatawa. Ibnu Zakari yana cikin waɗanda suka hana. Sanusi, mai tausayin jaki, ya rubuta yana goyon bayan Almagili. An rushe wurin, al'ummar Yahudawan ta watse. Almagilin nan shi ne wanda daga baya ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Sanusi ya rasu a Tilimsan a watan Jimada Ahir na 895, wato Mayun 1490. Babbar maƙabartar garin har yau da sunansa ake kiranta.

Littafin ya fi mai shi tafiya nesa. Malaman Azhar irin su Dasuƙi da Bajuri sun yi masa hashiya, a Malesiya da Indonesiya kuma har yanzu ana koyar da siffofi ashirin. A yankin Tafkin Chadi ya tarar da daula mai son karatu, domin Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu tun Sanusi yana raye. Masu kwafi sukan rubuta irin waɗannan matanoni da layuka ƙalilan a shafi, su bar fili mai faɗi tsakani don almajiri ya cika da bayanin malaminsa, malaman Kanuri kuma suna da harshensu na fassarar karatu, Tarjumo. A ƙarni na 17, Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu, Bafulatanin Bagarmi, ya mayar da sharhin Sugura da Fulani ke koyarwa da baki, wanda suke kira Kaɓɓe, zuwa Larabci a littafinsa Manhajul Faridi. A ƙarni na 18, Shehu Ɗahiru Feroma na Gazargamu ya mayar da Kubura waƙe.

Amma abin da aka rubuta don kare imanin talaka sai ya zama sandar dukansa. A Sijilmasa ta Maroko, malami Hasan Alyusi, wanda ya rasu a 1691, ya ba da labarin ɗaliban da ke tare mutane suna yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa su kafirta shi, su ƙi cin yankansa. Irin wannan ta ɓulla a ƙasar Hausa a ƙarni na 18, manomi da makiyayi da tsohuwa suka zama abin jarrabawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi wannan ra'ayi da alƙalami. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri cewa ya yi rubuce-rubuce kusan 50 a kai. Shehu ya raba tsakanin tushen addini, wanda ya wajaba a kan kowa kuma Alƙur'ani ya riga ya kafa hujjojinsa, da ilimin kalami, wanda idan wasu sun ɗauka ya faɗi a kan saura. Wanda ya furta shahada Musulmi ne a hukuncin duniya, abin da ke zuciyarsa na Allah ne. Bai yi wannan don ƙin Sanusi ba, domin ƙaninsa Abdullahi ya lissafa littattafan Sanusi da sharhohinsu cikin abin da ya karanta a gabansa.

Ba a daɗe ba tambayar ta juyo kan Borno kanta. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu El-Kanemi ya rubuta wa shugabannin Sakkwato yana neman hujjar kafirta mutanen da ke salla da azumi da zakka, yana mai nuna cewa saɓo daban, kafirci daban. Bello ya mayar da amsa, ya kuma adana wasiƙun ɓangarorin biyu a littafinsa.

Malaman Borno sun ɗauki littattafansu daga Gazargamu zuwa Kukawa, daga Kukawa zuwa Yerwa bayan Shehu Abubakar Garbai ya koma can a 1907. A Maiduguri ta yau akwai makarantun da suka ajiye Ummul Barahina, suna bin hanyar Ibnu Taimiyya wajen koyar da aƙida daga aya da hadisi kai tsaye. Akwai kuma zaurukan da har yanzu malami yake fara wa almajirinsa tauhidi da wajibi da mustahili da ja'izi, ya fassara masa da Kanuri ko da Hausa.