Charles Coulomb, Sojan da Ya Auna Ƙarfin Lantarki

Ɗalibanmu na ajin kimiyya sun saba ganin sunan Coulomb a kan allo, amma ba mu cika ba su labarin mutumin kansa ba.

An haifi Charles-Augustin de Coulomb a garin Angoulême na ƙasar Faransa ran 14 ga Yuni, 1736. Ya koyi aikin injiniya na soja, kuma a 1764 aka tura shi tsibirin Martinique ya gina sansanin tsaro. Shekara takwas ya yi a can, zazzaɓi yana ta kayar da shi. Ya koma gida a 1772, lafiyarsa kuwa ba ta ƙara zama daidai ba.

Ba ya murɗe lissafi don faranta wa kowa rai. A 1783 aka sa shi ya duba shirin haƙa hanyar jiragen ruwa a yankin Brittany, ya ƙi goyon bayan shirin. Manya suka ji haushi, aka kulle shi mako guda.

Aikin da ya sa muke tunawa da shi ya fito a 1785. Tun da daɗewa an san cewa abubuwa biyu masu caji iri ɗaya suna ture juna, amma da wane ƙarfi? Coulomb ya rataye ɗan tsinke da siririyar wayar azurfa, ya maƙala ƙaramin ƙwallo a bakinsa, ya kawo wani ƙwallon mai caji kusa da shi. Da suka ture juna sai wayar ta murɗe, shi kuma ya karanta ƙarfin daga yawan murɗewar. Da ya rage tazarar zuwa rabi, ƙarfin ya ninka har sau huɗu. Aiki ne mai son haƙuri ƙwarai, domin danshin iska kaɗai yana iya kwashe cajin kafin a gama awo.

Ga yadda muke lissafin a aji: a ninka caji na farko da na biyu, a raba da tazara sau tazara, sannan a ninka da kimanin 9,000,000,000. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ɗalibai suka fi mantawa a jarrabawa.

Lokacin juyin juya halin Faransa ya bar aikin soja, ya koma zama kusa da garin Blois. Ya rasu a birnin Paris ran 23 ga Agusta, 1806. A 1881 aka sa wa ma'aunin caji sunansa.