Ibnul Haisam da Hasken Sararin Samaniya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili a daren sha huɗu ga wata ya ga wannan abin mamaki. Wata yakan fito daga gabas ƙato, jajir, kamar ya jingina da bishiyoyi. Bayan awa uku, idan ya hau sama, sai a ga ya ƙanƙance ya yi fari. Alhali wata bai ragu ba, bai kuma canza launi ba. To, ina matsalar take? A cikin iska ne, ko a cikin idon mai kallo? Kimanin shekara dubu da suka wuce, wani malami a Misira ya tsaya a kan wannan tambaya har ya rabe abin da iska ke yi wa haske da abin da zuciyar mutum ke yi wa gani.

Sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, amma an fi saninsa da Ibnul Haisam. Turawa sun juya sunansa na yanka, wato Alhasan, suka mai da shi Alhazen. An haife shi a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 965. A can ya yi karatu, ya ƙware a lissafi, ya karanci littattafan Girkawa da aka fassara zuwa Larabci, musamman na Uƙlidis da na Batlamiyus.

Labarin zuwansa Misira ya zo mana ne ta hannun marubucin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rayu bayansa da kusan shekara ɗari biyu. An ce Ibnul Haisam ya taɓa faɗi cewa da yana Misira, da ya yi wani aiki a kan Kogin Nilu wanda zai sa a amfana da ruwansa ko ya cika ko ya janye. Magana ta kai kunnen Halifa Alhakim, wanda ya mulki Misira daga 996 zuwa 1021, ya aika aka zo da shi. Ibnul Haisam ya ɗauki ma'aikata suka bi kogi zuwa kudu har suka wuce Aswan. Da ya ga faɗin ruwan da ƙarfinsa, ya kuma ga manyan gine-ginen mutanen da, sai ya gane cewa da aikin mai yiwuwa ne, da waɗancan magina sun riga shi. Ya koma ya gaya wa Halifa cewa ba zai iya ba. Ba a kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan ba sai a 1970, da injuna na zamani.

Faɗin wannan gaskiya ba ƙaramin abu ba ne, domin Alhakim sarki ne mai son ilimi amma mai saurin kashe ma'aikatansa. Ya ba Ibnul Haisam wani muƙami, shi kuwa ya karɓa cikin tsoro. Da ya ga ransa na cikin haɗari, sai ya yi haukan ƙarya. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a gida. Haka ya zauna har shekarar 1021, lokacin da Halifa ya fita da dare zuwa duwatsun Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Nan take mahaukaci ya warke. Ya koma kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannunsa yana sayarwa ya ci abinci, sauran lokacinsa kuwa ya ba wa bincike.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Manaziri, mai kashi bakwai, a kan haske da gani. Kafin shi, manyan masana lissafi sun ɗauka cewa ido ne ke fitar da wani irin haske ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya ƙi yarda. Ya lura cewa wanda ya dubi rana yakan ji zafi a ido, kuma ko ya rufe ido yakan ci gaba da ganin alamarta na ɗan lokaci. Wannan ya nuna cewa wani abu ne ke shigowa daga waje. Bai tsaya ga hujjar baki ba. Ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa ta ɗaki mai duhu, sai kowace fitila ta jefa ɗigon haskenta a bangon ciki. Idan ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya tabbatar cewa haske na tafiya a miƙe, kuma haske biyu na iya ratsa kafa ɗaya ba tare da sun gauraya ba.

Amma haske ba ya miƙewa idan ya fita daga wani abu ya shiga wani. Kowane ɗalibi na iya gwadawa: a tsoma sanda cikin bokitin ruwa a karkace, za a ga kamar ta karye daidai bakin ruwan. Sanda ba ta karye ba, hasken da ke zuwa daga gare ta ne ya karkata lokacin da ya bar ruwa ya shiga iska. Kashi na bakwai na littafin duka a kan wannan karkata yake, kuma a nan ne Ibnul Haisam ya ɗaga kai ya dubi sama.

Tunaninsa shi ne, idan abin da ke can saman iska ya fi iska tsabta, to dole hasken tauraro ya karkata idan ya shigo cikin iskarmu. Batlamiyus ya riga ya yi magana a kan haka. Ibnul Haisam kuwa ya bayyana yadda za a gwada da na'urar masana taurari mai zobba. Taurari duka suna kewaya wani wuri guda a sama ta arewa, don haka nisan kowane tauraro daga wurin nan bai kamata ya canza ba. Sai a zaɓi tauraro wanda ke bi ta tsakiyar sama, a auna nisansa lokacin da yake fitowa, a sake aunawa lokacin da ya zo bisa kai. Awo biyun ba za su zo daidai ba. Tauraro bai bar hanyarsa ba, iska ce ta ɗaga surarsa sama kaɗan lokacin da yake ƙasa-ƙasa. Idan yana bisa kai, haskensa na faɗowa a tsaye, ba ya karkata.

Awon zamani ya nuna girman abin. A daidai inda sama ta haɗu da ƙasa, iska na ɗaga abin da ake kallo da abin da ya ɗan wuce rabin digiri. Faɗin rana a idonmu kuwa kimanin rabin digiri ne. Ma'ana, lokacin da muke ganin gindin rana ya taɓa ƙasa da magariba, ita ranar ta riga ta faɗi gaba ɗaya, surarta ce kawai iska ta riƙe mana. Haka ma da safe, muna ganinta kafin ta fito. Masu neman jinjirin wata ma ta cikin wannan iska mai kauri suke duba, shi ya sa ƙura kaɗan ko hazo ke iya ɓoye shi.

Da sauƙi mutum ya ce, to, ashe iska ce ke kumbura wata idan yana fitowa. Mutanen da da yawa haka suka ce. A nan ne, a ganina, Ibnul Haisam ya fi nuna hankali, domin bai bar amsa ɗaya ta cinye kowace tambaya ba. Ya yarda cewa tururi mai kauri na iya ƙara abin wani lokaci, amma babban dalili, in ji shi, yana cikin mai kallo. Mutum yana gane nisan abu ne ta abubuwan da ke tsakaninsa da shi. Idan wata na ƙasa, akwai gonaki da gidaje da tuddai a tsakani, sai zuciya ta ɗauka yana da nisa ƙwarai, abu mai nisa kuwa da ya cika ido haka dole a ɗauke shi babba. Idan yana bisa kai babu kome a tsakani, sai a ɗauka yana kusa, ya zama ƙarami. Hotunan kyamara sun nuna cewa faɗin wata bai ƙaru ba lokacin fitowarsa. Ko ba kyamara, mutum na iya miƙa hannu ya rufe wata da kan ɗan yatsansa da magariba, ya sake yi da tsakar dare, zai ga bai canza ba. Jan launin nan kuwa aikin iska ne na gaskiya, domin haske ya yi doguwar tafiya cikin iska da ƙura kafin ya iso.

Ya rubuta wasu ƙananan littattafai a kan hasken wata, da siffar rana lokacin husufi, da farin zirin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama da dare. Aristotal ya ce zirin a cikin iska yake. Ibnul Haisam ya ce da kusa yake haka, da matsayinsa a tsakanin taurari ya canza idan aka dube shi daga wurare daban-daban, amma ba ya canzawa, saboda haka yana can nesa ƙwarai. A kan bakan gizo kuwa ya yi kuskure, domin ya ɗauka girgije ne ke mai da haske kamar madubi mai zurfi. Sai bayan kusan shekara ɗari uku Kamaluddin Alfarisi, wanda ya yi wa Kitabul Manaziri sharhi, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya nuna yadda haske ke karkata a cikin kowane ɗigon ruwan sama.

Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An fassara babban littafinsa zuwa Latin wajen shekara ta 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572, kuma masana irin su Roger Bacon da Kepler sun yi aiki da shi. A wannan bugu an haɗa da wani ɗan littafi da ke ƙiyasta tsawon iska zuwa sama ta hanyar lura da hasken asuba da na bayan magariba. Shekaru aru-aru ana jingina masa shi, har sai a 1967 da Abdulhamid Sabra, wani masanin tarihin kimiyya ɗan Misira, ya nuna cewa Ibn Mu'az na Andalus ne ya rubuta shi. Akwai wani rami a gefen gabas na fuskar wata da masana taurari suka sa wa suna Alhazen.