Nana Asma'u da Malfar Jaji

'Yan uwa mata, duk lokacin da za a zaɓi ma'aji ko sakatariya a ƙungiyarmu, sai ka ga kowa ta sunkuyar da kai, wai ita ba ta yi boko ba, ko ba ta iya magana a taro ba. Shi ya sa a wannan fitowa ta bikin zagayowar shekara muka ga ya dace mu tuna da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙanta.

An haife ta a Ɗegel a 1793, ita da ɗan tagwayenta Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta taso cikin yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan zango zuwa wancan, amma allo bai bar hannunta ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mijinta Giɗaɗo ɗan Laima shi ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yayanta. Bayan rasuwar Shehu a 1817 tana cikin waɗanda suka tattara littattafansa suka adana.

To, wata za ta ce ai ita 'yar Shehu ce, a gidan ilimi ta buɗe ido, me zai hana ta bugun ƙirji? Gaskiya ne. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yi da matan da ba su da wannan gata.

Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata da ba su san karatu ba, da yawansu ma bayi ne da aka kamo, kuma bori na nan da ƙarfinsa. Nana ba za ta iya zaga ƙauyukan nan ita kaɗai ba. Sai ta kafa 'Yan Taru. A kowane gari akan samu dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji. Ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata su tako har wurin Nana, su koyi alwala da salla da zaman aure da haƙƙin maƙwabci, su koma gida su koyar da matan da hidimar miji da goyo ta hana fita. Darasin cikin waƙa yake, da harshen da suke ji, saboda mace ta iya haddacewa tana daka ko tana kaɗi.

Ga inda dabarar take. Nana da kanta take ba jaji malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfa kuwa a ƙasar Gobir alama ce ta Inna, shugabar 'yan bori, wadda kowa ke shakka. Kun ga ke nan matar da jiya ba mai tambayar ra'ayinta, yau ta shigo gari da malfa, manya na kauce mata a hanya. An ba ta aiki takamaimai, an koya mata shi har ya zauna, sannan aka shaida wa duniya cewa nata ne. Wallahi ko mu nan, sabuwar ma'aji ta fi buƙatar a zauna da ita kan littafin kuɗi, a kuma gabatar da ita gaban mambobi, fiye da a yi ta ce mata ta daina jin kunya.

Matan kan zo da tsarabar hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta rabar ga mabuƙata. Ba ta raina su ba ko bayan mutuwa: yadda ta yi wa Bello marsiyya da ya rasu a 1837, haka ta yi wa jajinta Hauwa'u.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, jajoji suka ci gaba da zuwa.