Tarihin marigayi Farfesa Abdus Salam

An haifi Abdus Salam ne a lardin Punjab a shekarar 1926, ya kuma yi digirin digirgir a Jami'ar Cambridge ta Ingila.

Bincikensa ya nuna cewar ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da raunanan ƙarfin nan mai sa cibiyar zarra ta rikiɗe, tushensu ɗaya ne, kuma ƙwayoyin W da Z masu nauyi ke ɗauke da na biyun.

Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1979, tare da Glashow da Weinberg na Amurka.

A 1983 cibiyar CERN ta gano ƙwayoyin, kowacce ta fi furoton nauyi sama da sau 80.

Ya kuma nazarci yiwuwar sarari na da ɓoyayyun fuskoki ban da tsawo da faɗi da zurfi.

Cibiyar da ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 ta horar da masanan ƙasashe masu tasowa, ciki har da 'yan Najeriya.

Ya bar Pakistan a 1974 bayan majalisar ƙasar ta ayyana 'yan Ahmadiyya, ƙungiyarsa, a matsayin waɗanda ba Musulmi ba.

Ya rasu a Oxford a 1996.