Henry Le Chatelier, Bafaranshen da ya auna zafin tanderu

An haifi Henry Le Chatelier a birnin Paris a 1850. Yana cikin nazarin siminti ya ga da ido ake kimanta zafin tanderu, abin da kan jawo asara. A 1886 ya haɗa wayar filatinam da wata mai gaurayen rodiyam kashi 10 cikin ɗari. Idan mahaɗarsu ta ɗau zafi, sai ta fitar da 'yar wutar lantarki da ake aunawa. Masana sun daɗe da yanke ƙauna daga irin wannan ma'auni, amma ya daidaita nasa da zafin narkewar zinariya, awonsa bai sauya ba. Daga 1927 zuwa 1990, irinsa ne ma'aunin duniya na zafi mai tsanani. Ya rasu a 1936.