Uno Lamm: shekara 25 yana neman ƙofar da kuran ba zai ɓalle ba

Mai sayar da ƙanƙara da mai injin niƙa da tela duk sun san abin da ɗaukewar kuran take jawowa. Shi ya sa a wannan fili muka ɗauko tarihin wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Uno Lamm, wanda masana suke kira uban hanyar kai wutar lantarki nesa ba tare da ta rikice ba.

An haife shi ranar 22 ga watan Mayu na 1904 a birnin Gotabog. Ya gama babbar makarantar fasaha ta Sitokholm a 1927, ya kama aiki a kamfanin ASEA mai ƙera kayan lantarki. A 1929, yana ɗan shekara 25, aka ɗora masa wani aiki da ya gagari manya.

Kafin mu faɗi aikin, sai mun rarrabe kuran iri biyu. Wanda yake shigowa gidajenmu da shagunanmu mai kai-da-komo ne: yana zuwa yana dawowa cikin waya sau 50 a kowane sakan. Ɗayan kuma miƙaƙƙe ne, irin na batir, gefe guda kawai yake bi. Mai kai-da-komo ya ci kasuwa tun ƙarshen ƙarni na 19 domin ana iya ƙara ƙarfinsa ko a rage cikin sauƙi da taransifoma. Amma yana da wata larura. Mata sun san lugude: in mutum uku suna daka a turmi ɗaya, dole kowace taɓarya ta sauka a lokacinta, in ɗaya ta yi jinkiri sai su gwabza. To haka injunan tashoshin lantarki suke. Duk waɗanda aka haɗa da waya ɗaya dole su yi tafiya da kiɗa ɗaya, kuma in waya ta yi tsawo ƙwarai, na can nesa sai ya fara sāɓa wa na kusa. Daga nan sai na'urorin tsaro su yanke layi, wani lokaci ƙasa baki ɗaya ta shiga duhu. Miƙaƙƙen kuran ba shi da kiɗan da za a sāɓa wa, kuma asararsa a doguwar hanya ba ta kai ta ɗayan ba.

Wahalar ita ce juyawa: a mai da mai kai-da-komo miƙaƙƙe a farkon hanya, a sake mai da shi yadda yake a ƙarshenta. Ana yin haka da wata tukunyar ƙarfe mai tururin zaiba a ciki, wadda take aiki kamar ƙofa, ta bar kuran ya wuce gaba, ta hana shi komawa. A wancan lokaci tukunyar ba ta jure fiye da bolt 2.500 ko makamancin haka. In aka ƙara, sai kuran ya ɓalle ƙofar ya koma baya. Dabarar Lamm ita ce ya jera wasu ƙananan ƙarafa a cikin tukunyar, kowane ya ɗauki kasonsa na ƙarfin, kamar yadda ake raba kaya wa ƴan dako da yawa maimakon a ɗora wa mutum ɗaya. Faɗarta da sauƙi, amma sai da ya yi fiye da shekara 20 yana gwaji a garin Ludbika kafin ta zauna. Cikin wannan tsakani ya samu digirin dakta a 1943. Lokacin yaƙin duniya na biyu aikin kamfani ya riƙa kai shi Jamus, inda ya ƙi yin gaisuwar ƴan Nazi, har shugabanninsa suka nuna masa rashin jin daɗi.

Babban cinikin da yake sa rai kuma ya kuɓuce masa. Madatsun ruwan Suwidin suna arewa, mutane da masana'antu suna kudu, wurin da ya fi dacewa da dabararsa ke nan. Amma tukwanensa ba su shirya ba, sai hukuma ta ja layin kusan kilomita 1.000 na kuran mai kai-da-komo, bolt 380.000, aka buɗe shi a 1952. A ganina, kamfanin da ya ci gaba da zuba kuɗi bayan wannan shi ma ya cancanci yabo.

Abin da ya samu ƙaramin ciniki ne: tsibirin Gotland, inda wuta take da tsada. A ƙarƙashin teku doguwar waya ba ta iya ɗaukar kuran mai kai-da-komo, don haka ba shi da abokin takara. A 1954 aka kunna layin, kilomita kusan 100, megawat 20, bolt 100.000. Shi ake lissafawa a matsayin na farko da ya yi aikin kasuwanci a duniya. Daga nan masu saye suka taso: Faransa da Ingila a 1961, Niyu Zilan a 1965. A shekarar kuma Japan, inda gabashi yake kaɗawa sau 50, yamma sau 60, ta haɗa ɓangarorin biyu a Sakuma da tukwanen ASEA. Turmi biyu ke nan, kowane da kiɗansa, amma suna miƙa wa juna hatsi.

A tsakiyar shekarun 1960 Lamm ya koma Kalifoniya ta Amurka saboda layin da ya fi duka a lokacin: kilomita fiye da 1.300 daga kogin Kolambiya zuwa birnin Los Anjalas, megawat 1.440. An buɗe shi a 1970, girgizar ƙasa ta lalata tashar kudu a watan Fabrairu na 1971, aka gyara. A 1976 injiniyoyi suka fara amfani da shi suna ƙara kuran ko ragewa nan take, don su kwantar da rawar da layukan mai kai-da-komo na gefensa suke yi.

Ɗan kasuwa zai tambaya: me ya sa ba a yi mana irinsa ba? Lissafi ne. Wayar tana da araha, tashoshin juyawa biyu suna da tsada, sai hanya ta kai kilomita 600 zuwa 800 kafin riba ta fito. Layukan da aka ja daga Birnin Kabi zuwa Yamai, da daga Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram, ba su kai haka ba, na kai-da-komo ne. A Afirka inda hanya ta yi nisa an yi: daga Kahora Basa ta Mozambik zuwa Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1970, daga Inga zuwa Kolwezi a Kwango, kilomita 1.700, a 1982, sai tsakanin Habasha da Kenya a 2022.

Waɗannan ba su yi aiki da zaiba ba, domin tun shekarun 1970 wasu ƙananan na'urori da ake kira tiristo suka maye gurbin tukwanen Lamm, yana raye yana gani. Ya rasu a Kalifoniya ranar 1 ga watan Yuni na 1989, yana da shekara 85. Tukwanensa na layin Los Anjalas sun ci gaba da aiki har 2004.