Philo Farnsworth: Ɗan manomin da ya ƙago talabijin na lantarki, wasu suka kwashi ribar

A ƙasar Amurka, idan dattijo ya rasu kuma magada ba su da buƙatar tarkacen gidansa, akan buɗe ƙofar gidan na kwana biyu ko uku, a manna farashi a jikin kowane abu, tun daga kujeru har cokula, jama'a su shigo su saya. Cikin masu yin sammako zuwa irin wannan gwanjon kayan gado akwai masu tara tsofaffin talabijin da manyan akwatunan katako masu ɗauke da rediyo da garmaho, waɗanda a da su ne ƙawar falo. Mafi yawan abin da suke tararwa yana ɗauke da sunayen RCA, Zenith, Philco, Admiral ko Magnavox. Amma jefi-jefi sukan ci karo da wani akwati mai nauyi da aka jingine a ɗakin ƙasa, da sunan Farnsworth ko Capehart-Farnsworth a goshinsa. Magada kan ɗauka sunan wani kamfani ne da ya daɗe da mutuwa. Kamfanin kam ya mutu, sai dai sunan na mutumin da ya fara haɗa talabijin mai aiki da lantarki zalla ne, yana ɗan shekara 21.

An haifi Philo Taylor Farnsworth ranar 19 ga Agusta, 1906, a wani gidan gungume kusa da garin Beaver a jihar Utah. Iyayensa manoma ne, mabiya ɗariƙar Mormon. A 1918 suka koma wata gona kusa da Rigby a jihar Idaho, kuma a nan ne yaron ya fara zama a gidan da ke da wutar lantarki, wadda wani ƙaramin janareta ke bayarwa. Ba a jima ba ya zama shi ne mai gyaran janaretan. Ya tsinci wani mataccen inji ya farfaɗo da shi, ya ɗaura wa injin wankin mahaifiyarsa wanda a da sai an juya shi da hannu. A saman rufin gidan kuma ya tarar da tulin mujallun kimiyya da masu gidan na farko suka bari, ya duƙufa a kansu.

A waɗannan mujallu ya karanta labarin masu neman hanyar aika hoto ta iska. Kusan dukansu a wancan zamani sun dogara ne ga dabarar wani Bajamushe, Paul Nipkow, ta shekarar 1884: faifai mai huji-huji da ke juyawa da sauri, kowane huji yana leƙa wani sashe na hoton. Da irin wannan faifai John Logie Baird ya nuna talabijin a Landan a Janairun 1926, hoto mai layi 30 kacal, dishi-dishi. Farnsworth tun yana yaro ya gane cewa babu faifan da zai iya juyawa da saurin da zai ba da hoto garau. Kamar yadda shi da iyalinsa suka riƙa ba da labari, yana ɗan shekara 14, yana huɗa gona da garmar dawaki, ya waiga ya ga kunyoyin da ya ja a jere, sai tunani ya zo masa cewa haka za a iya yanka hoto layi-layi, a aika kowane layi bi da bi, a sake jera su a wancan gefen. Abin da zai yi wannan gudu kuwa ba ƙarfe ba ne, ƙwayoyin lantarki ne da maganaɗisu zai riƙa sarrafa su a cikin kwalbar gilashi da aka zuƙe iskarta. Ya zana wa malaminsa na kimiyyar sinadarai a makarantar Rigby, Justin Tolman, yadda abin zai kasance. Wannan zane zai yi masa rana bayan shekaru fiye da goma.

Hanyar karatunsa ba ta miƙe ba. Iyalin sun koma Provo, ya shiga Jami'ar Brigham Young, amma mahaifinsa ya rasu a farkon 1924, nauyin gida ya hau kansa, karatu ya tsaya. A 1926, yana ɗan aikin wucin gadi a Salt Lake City, ya haɗu da George Everson da Leslie Gorrell, masu aikin tara gudummawa ga ƙungiyoyin jinƙai. Suka saurare shi, suka zuba dala 6,000. A watan Mayun shekarar ya auri Elma Gardner, wadda aka fi sani da Pem, suka nufi California. Daga baya wasu ma'aikatan banki a San Francisco suka ƙara jari, aka kama wani bene a lamba 202 kan titin Green aka mayar da shi ɗakin gwaji. Ma'aikatan 'yan gida ne: Pem ta koyi zanen injiniya, ɗan'uwanta Cliff Gardner kuma ya koya wa kansa busa gilashi, domin irin kwalbar da ake buƙata ba a sayar da ita a kasuwa.

Ranar 7 ga Satumba, 1927, aka ɗora wani ɓallin gilashi da aka shafe da baƙi aka ja masa layi guda a gaban kwalbar ɗaukar hoto. A ɗaki na gaba, layin ya bayyana a kan allo. Da aka juya gilashin, layin ma ya juya. Hoton ke nan gaba ɗaya, layi ɗaya tak, amma babu faifan da ya juya kafin a same shi. Da masu jari suka fara ƙosawa suna tambayar yaushe za su ga kuɗi a cikin wannan na'ura, sai ya nuna musu alamar dala a kan allon. A Satumbar 1928 ya nuna wa 'yan jarida.

Labarin ya isa New York, inda David Sarnoff ke jan ragamar kamfanin RCA. Ƙarfin RCA a harkar rediyo ya ginu ne a kan takardun mallakar fasaha: duk mai ƙera rediyo a Amurka sai ya biya shi la'ada. Sarnoff na son talabijin ma ya bi wannan hanya, kuma yana da nasa gwanin, Vladimir Zworykin, ɗan asalin Rasha, wanda ya shigar da takardar neman mallakar wani tsarin talabijin tun 1923. A Afrilun 1930 Zworykin ya kwana uku yana zagaya ɗakin gwajin titin Green, aka nuna masa komai, har aka haɗa kwalba a gabansa. A shekara ta gaba Sarnoff da kansa ya zo, ya yi tayin dala 100,000 a kan kamfanin da takardunsa, da sharaɗin Farnsworth ya koma ma'aikacinsa. Aka ƙi tayin.

Maimakon haka Farnsworth ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Philco, ya kwashi iyali da ma'aikata zuwa Philadelphia a 1931. Zaman bai yi daɗi ba. A Maris na 1932 ƙaramin ɗansa Kenneth ya rasu sakamakon ciwon maƙogwaro, kamfanin kuma bai ba shi hutun raka gawar zuwa Utah ba. Pem ce ta yi wannan doguwar tafiya ta jirgin ƙasa ba tare da mijinta ba. Ya bar Philco a 1933. A ranar 25 ga Agusta, 1934, ya buɗe nuni a Cibiyar Franklin da ke birnin, inda jama'a suka yi ta tururuwa har kwana goma suna kallon talabijin na lantarki a karon farko.

A wannan tsakani shari'a ta yi zafi a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka. Lauyoyin RCA sun kafe cewa takardar Zworykin ta 1923 ta riga ta Farnsworth ta 1927, kuma yaro ɗan makarantar ƙauye ba zai iya yin wannan tunani ba. Aka nemo Justin Tolman, ya ba da shaida, ya kuma kawo zanen da ɗalibinsa ya yi masa. A 1935 aka yanke hukunci cewa Farnsworth ne ke da fifiko, domin RCA ya kasa nuna cewa na'urar da aka bayyana a takardar 1923 ta yi aikin da ake da'awa. Adalci dai shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren: kwalbar Farnsworth na da babban rauni, ba ta ganin abu sai an haska shi da fitilu masu tsananin zafi, alhali kyamarar da Zworykin ya kammala daga baya tana tara haske, ta fi dacewa da ɗakin shirye-shirye. Talabijin da duniya ta samu a ƙarshe ya ɗebo daga aikin mutanen biyu da na wasu injiniyoyi da dama a Ingila da Jamus. Amma RCA ba shi da hanyar kaiwa kasuwa sai ta kan takardun Farnsworth. A Afrilun 1939 Sarnoff ya ƙaddamar da talabijin a bikin baje kolin duniya na New York, Shugaba Franklin Roosevelt ya bayyana a allo, ba a ambaci Farnsworth ba. A Satumbar shekarar RCA ya sa hannu zai biya shi dala miliyan ɗaya cikin shekara goma, ban da la'ada. Kamfanin da ya saba karɓa ya koma mai biya.

A nan ne akwatunan katakon suka shigo labarin. Masu jarin Farnsworth sun ga cewa kuɗin lasisi kaɗai ba zai riƙe su ba, dole su ƙera kayan sayarwa. Suka kafa kamfanin Farnsworth Television and Radio, suka sayi masana'antar Capehart da ke Fort Wayne a jihar Indiana. Capehart ba ƙaramin suna ba ne. Garmahonsa na attajirai ne, cikin akwatin katako mai sassaƙa, da wani hannun ƙarfe da ke ɗauko faifai daga tuli, ya kunna fuska ɗaya, ya kifa shi ya kunna ɗaya fuskar, sannan ya mayar ya ɗauko na gaba. Waɗannan su ne kakannin dogayen akwatunan sitiriyo da suka cika falukan Amurka bayan fitowar faifan sitiriyo a 1958. Shirin shi ne cinikin rediyo da garmaho ya riƙe kamfanin kafin kasuwar talabijin ta buɗe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe lissafin. A 1942 gwamnati ta dakatar da ƙera rediyo da talabijin na farar hula, masana'antar Fort Wayne ta koma yi wa soja kayan sadarwa da na radar. Takardar mallakar fasaha a Amurka a lokacin shekara 17 take yi, kuma manyan takardun Farnsworth an ba shi su ne a 1930. Wa'adinsu ya cika a 1947, daidai lokacin da jama'a suka fara sayen talabijin. A 1950 kusan kashi 9 cikin ɗari na gidajen Amurka ne ke da shi; zuwa 1960 an doshi kashi 90. Duk wannan ciniki ya wuce shi. RCA ya fito da samfurinsa na 630-TS a 1946, kamfanin Farnsworth kuwa ya makara, ya afka cikin bashi, har kamfanin ITT ya saye shi. Shi ya sa talabijin mai sunansa ya yi ƙaranci a hannun masu tarawa idan aka kwatanta da na RCA.

Shi kansa mai sunan ya riga ya gaji tun kafin nan. Shekarun shari'a da rashin barci sun karya masa lafiya, ya faɗa shan barasa da baƙin ciki, ya keɓe a wata gona a Brownfield ta jihar Maine. A Oktoban 1947 gobarar daji ta cinye garin, ta haɗa da gidansa. Ya koma Fort Wayne yana yi wa ITT bincike, daga bisani ya karkata ga neman makamashi ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, irin yadda rana ke samar da zafinta. Na'urar da ya ƙera don haka ba ta taɓa ba da wutar da ta kai wadda take ci ba, ko da yake har yau ana amfani da irinta a ɗakunan bincike.

A 1957 aka gayyace shi wani shirin kacici-kacici na talabijin mai suna I've Got a Secret, inda baƙo ke zuwa da wani sirri, alƙalai su yi ta tambaya har su gano. Aka ɓoye sunansa. Babu wanda ya gane shi, babu wanda ya canki cewa shi ne ya ƙago na'urar da ake kallonsu a cikinta. Ya tafi gida da dala 80 da katan ɗin sigari. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ba da labari cewa mahaifinsu ba ya son su zauna gaban talabijin, yana ganin shirye-shiryen ɓata lokaci ne. Pem kuma ta ce a Yulin 1969, da suka kalli Neil Armstrong yana taka duniyar wata kai-tsaye, ya shaida mata cewa wannan kaɗai ya biya wahalar da ya sha.

Bayan ITT ya janye tallafi, ya koma Utah ya kafa wani sabon kamfani, ya zuba duk abin da ya mallaka, kamfanin ya durƙushe. Ya rasu ranar 11 ga Maris, 1971, da ciwon huhu, yana da shekara 64, da takardun mallakar fasaha kusan 300 da sunansa da kuma bashi a wuyansa. Aka binne shi a Provo. Pem ta rayu har 2006, ta kwashe shekarun tana fafutukar a mayar masa da sunansa. An buga hotonsa a kan sarki a 1983, jihar Utah kuma ta kafa mutum-mutuminsa a ginin majalisar dokokin Amurka a 1990.

Wanda ya yi sa'ar samun akwatin Farnsworth a gwanjo ba ya gaggawar jona shi da wuta. Ƙananan ma'ajiyan lantarkin da ke ciki, waɗanda aka naɗe da takarda aka dalaye da kaki, sun bushe da tsufa, kuma kunnawa ɗaya na iya ƙona abin da ba a samun madadinsa. Sai an sauya su ɗaya bayan ɗaya, an gwada kwalaben, an tabbatar babbar kwalbar allon tana da sauran rai. Masu wannan sha'awa suna da gidan adana kayansu a Hilliard ta jihar Ohio, inda suke taruwa duk shekara. Tun Yunin 2009 manyan tashoshin Amurka suka daina watsa irin siginar da waɗannan akwatuna ke ganewa, don haka sai an haɗa musu wata 'yar na'ura mai juya sabuwar sigina zuwa tsohuwa. Idan komai ya daidaita, akan jira kwalaben su ɗumama, sauti ya fara zuwa, sannan hoton baƙi da fari ya taso a kan ƙaramin allon, layi 525 daga sama zuwa ƙasa.